Cokalin Jeren Larai

Sallau bai taɓa jefa ƙugiya a ruwa tana ƙyalli ba. In ya sayo sababbi, sai ya jera su a tsinke ya kara a hayaƙin kashin shanu har su yi baƙi ƙirin. Haka ya ga ubansa na yi, haka duk masuntan gulbin Maradun ke yi, don a wurinsu kifi ba wawa ba ne, da ya hango ƙarfe zai juya. Koto kuwa, abincin da ake sa wa ƙugiya, ba a koya wa Sallau shi. Tana ta kurungu ce, sabulu na tarwaɗa, dusa da aka murje da daddawa ta ƙananan kifaye. Ruwan gulbi ja ne, kifi da hanci yake kiwo, saboda haka duk abin da ya fi wari shi ya fi kamu. Shekara arba'in wannan sani yana ci da gidansa.

Sai aka datse gulbi a Bakolori. Ruwa ya taru ya haɗiye gaɓa da fadama da duk lungunan da Sallau ya sani da sunayensu, aka kwashe mutane aka kai su tudu. Tafki ya zama shimfiɗa guda, ba ka ganin ƙarshensa. Kifi na ciki, kowa ya sani, don da hantsi akan ga manya suna juyi a tsakiya. Amma shekara biyu ke nan Sallau na fita da jirginsa yana dawowa da 'yan karfasa da ba su wuce tafin hannu ba. Mutumin da a da ake taryarsa a bakin ruwa, yanzu ta bayan gari yake shigowa don kada a leƙa masa kwando.

Ranar wata Juma'a ƙanin matarsa, Jibrin, ya zo daga Talata Mafara a kan keke. Suka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya, sannan Jibrin ya ja tabarma ya fara tsiyar da ya saba yi wa mijin yayarsa.

"Sarkin Ruwa, ina kihin baƙi? Ko duk sun tahi gaisuwar mutuwa?"

"Ci gabanka, ɗan birni," in ji Sallau.

Jibrin ya bar wasa. Ya ce an sami gurbin mai gadi a wani ɗakin ajiyar injunan ban-ruwa a Mafara, har da ɗakin kwana, kuma ya yi wa Sallau magana. Ran Talata ake son ganin mutum. Jirgi kuma akwai wani mutumin Bakura da ke nema.

Sallau ya dubi Larai, matarsa, wadda ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa. Ya so ta ce wani abu da zai kare shi. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Malam, ka amsa mai. Wahalar ga ta isa hakanan."

Maganar ta soke shi fiye da tsiyar Jibrin. Ya ce to, a ba shi zuwa Litinin. In bai kawo kifin kirki ba, ran Talata zai bi Jibrin, jirgi kuma a kai Bakura. Ya faɗa da ƙarfi kamar ba kome. Bai san yadda ake zama a kan benci ana kallon ƙofa ba, kuma jirgin nan da hannunsa ya taya ubansa sassaƙa shi.

Ran Asabar ya fita da hanjin kaza da ya kwana biyu, wanda warinsa ya sa har karnukan unguwa suka raka shi bakin ruwa. Ya dawo da tarwaɗa ɗaya mai kai ba jiki. Ran Lahadi ya haɗa duk abin da ya sani: tana, gara, ƙananan kwaɗi, sabulu. Ya tuƙa ya yi nisa har inda kan wata matacciyar tsamiya ke leƙowa daga ruwa, ya ɗaure jirgi a reshenta. Ruwan wurin ya kwanta garau, kana ganin hannunka har gwiwa. Ya sauya koto ya fi sau goma. Ko motsi.

Da rana ta take, ya jawo gwangwanin madarar da yake zuba tana a ciki. Murfin, wanda dama da ƙyar yake maƙale, ya tsinke ya faɗa ruwa. Sallau ya bi shi da ido kawai don ba abin yi. Murfin na sauka yana jujjuyawa, yana walƙiya, ya ɓace ya sake bayyana. Sai wani abu ya taso daga ƙarƙashin rassan tsamiya, fari, mai faɗin ƙofar ɗaki, ya buɗe baki ya haɗiye murfin ya juya. Jirgi ya yi tangal-tangal.

Giwan ruwa ne. Ga ƙugiyar Sallau nan kusa, baƙa, lulluɓe da kwaɗo mai rai, bai ko dube ta ba, ya tafi ga murfin gwangwani.

Sai yanzu Sallau ya gane. Ashe a ruwan da ya kwanta kifi da ido yake farauta. Ashe shekara biyu yana zama gaban hayaƙi yana hawaye, yana kashe abin da kifin ke nema. Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar da ta fi kusa da kuka, ya ce, "Kai Sallau, amma an yi tsohon banza."

A hanyar gida ya yi ta lissafin abin da zai yi ƙyalli. Gwangwani ba nauyi, kuma kifi irin wannan zai tauna shi ya tofar. Ana son abu mai ɗan nauyi, mai lanƙwasa, wanda zai yi rawa in an ja shi. Duk gidansu abu ɗaya ne haka, kuma ya san inda yake.

A ɗakin Larai akwai jere, kwanoni da tasoshi a kan juna har kusa da rufi, waɗanda ba a cin abinci da su, ba a ma taɓa su sai ranar goge su. A saman jeren akwai cokula shida na silba a cikin kofi, tsarabar Makka da marigayiya mahaifiyarta ta kawo mata. Ranar da aka kwashe su daga tsohon gari, Larai ta bar turmi a baya amma cokulan nan a ƙugunta ta ɗaure su. Namiji mai hankali ba ya sa hannu a jeren matarsa. Sallau ya san haka sarai. Ya jira ta tafi kai wa maƙwabciya garwashi, ya shiga ya zare ɗaya ya sa a aljihu, ya fito yana tari don kunya.

Da yamma ya kai wa Buba maƙeri. Buba ya juya cokalin ya dube shi, ya dubi Sallau.

"Wanga ba na jere ba na?"

"Yanke mariƙin, ka huda nan da nan. Ban zaka hira ba."

"In ta tambaye ni, ni ban gan ka ba," in ji Buba, ya ɗauki kurfin yankan ƙarfe.

Litinin da sassafe Sallau ya ɗaura wa cokalin sabuwar ƙugiya fara tas, wadda ba ta ga hayaƙi ba. Ji yake kamar yana saɓa wa ubansa a gabansa. Ya ɗaure ƙarshen igiyar a babban goran kamun kifi, ya saki cokalin a bayan jirgi, ya riƙa tuƙi a hankali yana kewaya tsamiyar. Ya kewaya sau uku, ba kome. Ya rage sauri don cokalin ya ƙara nitsewa. Ya kewaya na huɗu, na biyar. Rana ta fara zafi, ya fara tunanin yadda zai shiga gida ba kifi, ba cokali, gobe kuma ba jirgi.

A na bakwai igiya ta fizge har ta ƙone masa tafin hannu. Bai tsaya ja-in-ja ba, ya cilla goran a ruwa. Gora ya nitse, ya ɓullo can gaba, ya ruga tsakiyar tafki. Sallau ya bi shi da filafili yana salati. Sai da suka yi fiye da sa'a guda, kifi na ja shi yana bi, kafin goran ya tsaya yana lilo. Ya tattaro igiya sannu a hankali, kifin ya taso a gicciye yana buɗe baki, ya sakar masa kulki a ka. Da ƙyar ya mirgino shi cikin jirgi. Sannan ya zauna ya sa kai a gwiwa, ya ji wani nauyi da ya kwana biyu a ƙirjinsa ya sauka. Ya ce alhamdu lillahi ya fi a ƙirga.

Ran nan ta tsakiyar gari ya shigo. Mutum biyu suka ɗauko kifin a sanda, jelarsa na jan ƙasa, jama'a na biye. Aka sauke a tsakar gida. Sai a lokacin Sallau ya tuna bai cire ƙugiyar ba, ta shige can ciki. Rabin cokalin na leƙe a gefen bakin kifin yana walƙiya.

Larai ta fito ta tsaya. Ta dubi kifin daga kai har jela, idonta ya tsaya a bakinsa. Ta sunkuya ta taɓa cokalin da yatsa. Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya.

"Malam, na Inna na?"

"Shi na. Na yi laihi, ban da ta cewa."

Ta miƙe ta shige ɗaki. Sallau ya tsaya riƙe da hula. Ya ji motsin kwanoni a ciki, ransa ya ba shi kaya take haɗawa.

Ta fito da kofin a hannu, cokula biyar a ciki, ta ajiye a gabansa. Idonta jawur.

"Kana tsammanin ni ina son Mahwara? Ɗaki guda bayan injin, ba wanda na sani? Gani na yi kana ƙarewa kana ɓoyon mutane, shi ya sa nic ce ka amsa. Kwana ukun ga ban yi barci ba." Ta share fuska da gefen zane. "Ɗauki. In wancan ya ɓace, ga wasu. Amma ka tambaya, kada ka ƙara shigar min ɗaki awa ɓarawo."

Sallau ya matso. Ya durƙusa ya ɗauki kofin da hannu biyu.

"To tashi," in ji Larai. "Kawo min babbar wuƙa, ka aika a gaya ma Jibrin kada ya wahal da kekenai gobe."