Farin Ƙyalle a Bayan Faranti

Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗaukar hoton fasfo. Ban taɓa fitar da hoton da aka dawo mini da shi ba, kuma duk wanda ya zauna da ni minti biyar sai ya ji wannan labarin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Saboda haka ranar da matata, tana kwance a asibiti bayan aikin da aka yi mata a ciki, ta ce in kawo mata hoton kurciyarta, har dariya na yi.

"Maman yara, abin da kike so ke nan? Gobe kafin azahar yana hannunki."

Kwana biyu ke nan ba ta ci abin kirki ba. Likita ya ce muddin ba ta ci ba, ba zai sallame ta ba, ɗinkin ma ba zai kama da wuri ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, sai ta juya fuska bango. Abin da kawai ta buɗe baki ta tambaya shi ne wata gurguwar kurciya da ke zuwa farantin gero da ta rataye a bishiyar bayan ɗakin girki. Tsoro ya kama ni sosai, amma na ɓoye shi a cikin cika baki.

Da sassafe na fito da kayan aiki. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, taku biyu daga farantin. Na duba bayan farantin na ga igiyar shanya da tsohon bokiti, na ce wannan ba aikina ba ne. Na ɗauko farin ƙyallen shago na ɗaure a baya, na goge shi da hannu har ya miƙe. Na kawo fitila na saita ta dama.

Gwarare suka zo suka jeru a kan katanga, suna kallona ina kallonsu. Iska ta kaɗa ƙyallen sau ɗaya, suka watse gaba ɗaya. Har azahar ko ƙuda bai sauka a farantin ba. Na je asibiti na ce mata hasken ranar ne bai yi ba.

Washegari na cire ƙyallen, raina bai so ba. Wajen ƙarfe tara sai ga gurguwar ta sauka, tana dogara da ƙafa ɗaya. Na sa ido a kyamara, komai ya zauna daidai. Sai na ji bakina, ba da izinina ba, ya ce da ƙarfi:

"Ɗaga haɓa kaɗan! Kalli nan!"

Hoton da na samu na faranti ne yana lilo.

A rana ta uku na haƙura da sana'a. Na shiga ɗakin girki, na ɗan buɗe taga, na durƙusa tsakanin murhu da kwandon shara, na cusa gefen tawul a baki don kada ya sake cin amanata. Gwiwoyina suka yi ta ƙara. Da kurciyar ta zo, sai ta juya mini baya ta tsunduma kai cikin gero, ta ƙi ɗagowa. Na danna kyamarar haka nan.

Na wanke hoton na kai asibiti a cikin ambulan, ina jin kunya kamar ɗan koyo.

"Ki yi haƙuri," na ce. "Ba fuska, ba ido, wutsiya ce kawai da ƙeya. Da a shago ne da na yage shi."

Ta karɓa, ta matso da shi kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Kai dai Mai Hoto, ba ka da dama. Wa ya ce maka fuskarta nake nema? Na san fuskarta." Ta sa yatsa a kan farantin. "Ci take yi?"

"Ci take yi. Ko kallona ba ta yi ba."

"To ai ta yi hankali."

Ta jingina hoton da kofin ruwa, ta gyara zama a hankali tana dafe ciki. Sannan ta nuna kwanon da ke rufe a kan durowa tun safe.

"Miƙo mini wannan. Ka kuma juya baya, ni ma ba na son a tsaya a kaina."

Na juya na fuskanci bango. Ina jin ƙarar cokali a bayana, hawaye suna zubo mini, ban yarda na ce uffan ba.