Kunnen Baba Fanka

A ɗakin gwaji na jami'a akwai wani dogon bututun ƙarfe, faɗinsa ya isa mutum ya rarrafa a ciki. Wata ƙatuwar fanka ce a ƙarshensa, tana zuƙo iska ta bi ta kan ɗan ƙaramin fiffiken jirgi, ana kallo ta gilashi. Mutum ɗaya ke kula da shi shekara ashirin da shida, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baba Fanka.

Sabuwar malama, wadda ake kira Dakta, ta yi mako uku tana fama. Duk sanda ta saki siririn hayaƙi don ta ga tafiyar iskar, maimakon ya miƙe kamar zare, sai ya murɗe ya watse tun bai kai fiffiken ba.

Wata safiya ranta ya ɓaci. "Baba, kashe ta haka nan!"

Bai motsa ba. Ta sake faɗa, har sau uku. Sai da ta taɓa kafaɗarsa ya zabura ya kashe.

Ta tsaya a gabansa, ta lura bakinta yake kallo. "Baba, tun yaushe ka daina ji?"

Ya sunkuyar da kai. "Shekara biyu. Ƙarar fankar nan ce. Kunnen hagu ya tafi, na dama na bin sawu. Ki rufa min asiri, 'yata. In manya suka ji, gida za su ce in koma, ni kuwa ban san me ake yi a gida da rana ba."

"Ba mai ji daga bakina. Amma asibiti kam, ƙafata ƙafarka."

Ya kunna fankar, ya ɗora tafin hannu a jikin bututun.

"Taɓa nan ki ji yadda yake rawa. A hargitse iskar ke shigowa. Sai an taje ta kamar gashi."

Washegari ya zo da buhu biyu na siraran bututun shan lemo. Kwana huɗu suna yanka su tsawon ɗan yatsa, suna jerawa a firam ɗin katako, har ya fito kamar saƙar zuma. Suka kafa shi a mashigar iskar, Dakta ta lissafa tazara, suka ɗaura raga biyu masu ƙananan idanu a bayansa. Ta kuma haɗa wa Baba Fanka jan ƙwan lantarki, in ya kama a kashe fanka.

Da suka gwada, hayaƙin ya tafi samɓal, ya lanƙwasa a kan fiffiken. Baba Fanka ya share ido, ya ce wai hayaƙi ne ya shigar masa.

Likita ya ce na hagu ba zai dawo ba, amma ya saka wa na dama na'urar ji. Bayan kwana biyu Dakta ta tambaye shi ya jiki.

"Da sauƙi, 'yata. Sai dai ashe duk shekarun nan uwargida faɗa take yi min, ni ina ta cewa amin."