Turmin Ɗelu da Kunnen Bafaranshe

Ɗelu ba ta zo Kuala Lumpur da wani abin kirki ba sai turmi. Na mahaifiyarta ne, marigayiya Bintu, turmin icen kirya, wanda ta sa mijinta Dakta Abdulmajid ya yi ta fama da ma'aikatan jirgi tun daga Kano har aka yarda aka loda shi. Shekara uku suna hawa na goma sha ɗaya a wani dogon bene a unguwar Wangsa Maju, tana dakan yajinta da daddawarta, ba wanda ya ce uffan, don da rana maƙwabta duk suna wurin aiki. Sai ga annoba, aka sa dokar kulle, kowa ya dawo gida ya baza kunne. Shi kansa Dakta a ɗakin barci yake karantar da ɗalibansa ta kwamfuta.

Ba a rufa sati biyu ba sai ga takarda daga ofishin masu kula da benen: wani ya kai ƙarar dakan. In aka kai ga takarda ta uku, ko turmi ya fita ko masu turmi.

"Na san shi," in ji Ɗelu. "Tsohon Baturen nan ne da ke hawan ƙasa da mu."

Tsohon sunansa Hilaire Montagnac, Bafaranshe. Ya zo gabatar da lacca ta mako biyu a wata makarantar kiɗa, jirage suka tsaya, ya maƙale. Dakta ya lalubo labarinsa a waya yana karanta mata. Wai da ƙuruciya shi ma mai tsara kiɗa ne, an shirya masa manyan taruka uku a Paris. A na farko mutane suka yi gyangyaɗi, a na biyu suka fice, na uku ba su ma zo ba. Sai ya koma jarida, shekara arba'in yana yi wa kiɗan wasu tankaɗe da rairaya, har an ce makaɗi in ya hango shi a layin gaba sai kiɗan ya rikice masa.

"Wato ya kasa nasa ya koma hana ruwa gudu," in ji Ɗelu.

"Ki dai koma wa bilanda, Maman Fatiha, a zauna lafiya," in ji Dakta.

"Yajin bilanda? Allah ya sawwaƙe."

Ranar Talata ta yi dakanta, da yamma sai ga 'yar takarda daga tsohon ta ƙarƙashin ƙofa, da rubutun tafiyar tsutsa. Dakta ne ya iya karantawa: "Zuwa ga mai kiɗan sama. Farkon na yau ya yi kyau. Tsakiyar ta yi sanyi, kamar hankalinki ya tafi wani wuri. Ƙarshen kuwa gaggawa ce. Kina da hannu, haƙuri ne babu."

Tirƙashi! Ɗelu ta riƙe ƙugu. "Ni? Ni 'yar Bintu, wadda in ta shiga lugude a Ɗambatta matan unguwa ke ajiye tabarensu su zo kallo?" Abin da ya fi ƙona mata rai, da gaske a tsakiyar dakan hankalinta ya tafi kan miyar da ke wuta.

Mai hankali da ya lafa. Ɗelu kuwa washegari ta ci ɗamara, ta yi masa salon lugude, ta cilla tabarya sama, ta tafa, ta cafe, ta doka. Takarda ta zo: "Ya fi na jiya. Tafi na uku ya makara." Ta gyara tafi na uku. Takarda ta zo: "Yanzu kuma kina nuna iyawa. Ki rage." Ta ce wannan tsoho da baƙar jaraba yake, ta kuma rage ɗin.

Ana haka sai ga takardar ofis ta biyu. Ta zauna a ƙasan kicin tana shafa bakin turmin, inda hannun tsohuwarta ya goge shi ya yi sumul. Ba ta da zanenta, ba ta da ko hotonta mai kyau, wannan kaɗai ya rage mata, kuma ta ji tsoron rasa shi ƙwarai. Ta lulluɓe shi da tsohon zane, ta jawo bilanda tana tsaki. Kwana huɗu gidan shiru, Dakta har ƙara tuwo yake.

A rana ta biyar takarda ta zo, kalma ɗaya tak: "Lafiya?"

"Au, har da ba'a?" Ta yaye zanen, ta yi dakan da har tagogi sai da suka amsa. Kafin la'asar an kira su zaman kwamitin bene ta bidiyo.

Shugabar kwamitin, Puan Rosnah, ta buɗe zama. Ɗelu tana gefen mijinta. Sai ga tsohon a allo, furfura a hargitse, takunkumi a ƙarƙashin haɓa. Ta harare shi iya ƙarfinta.

Ya ce ya karanta dokokin benen, kuma sun yarda a yi atisayen kayan kiɗa daga ƙarfe goma zuwa sha biyu na rana. "Abin da ke samana kayan kiɗa ne. In ban san komai ba a duniya, wannan na sani." Ya ɗaga wasu takardu. "Shekara goma sha ɗaya ban tsara komai ba. Yanzu ga shafi goma sha huɗu, na turmi da piyano. Na shekara arba'in ina gaya wa mutane gaskiya, wasu su zage ni, wasu su daina gaishe ni. Wannan baiwar Allah ce kaɗai ta ji haushi ta gyara."

Ɗelu ta nemi hararar ta rasa. Tausayin tsohon ya kama ta, har ta ji kunyar baƙaƙen maganganun da ta yi ta aika masa a ranta.

Puan Rosnah ta yi dariya. "Boleh lah, ba laifi, in dai mai ƙara ya janye. Dakta Abdulmajid, ka janye?"

Ɗelu ta juyo a hankali ta dubi mijinta.

"Maman Fatiha, tsaya ki ji. Ɗalibai ne. Ina cikin lacca sai in ga suna kaɗa kai suna bin dakan. Na rasa yadda zan gaya miki ne."

"Ka janye, Malam?" in ji Ɗelu.

"Na janye! Wallahi na janye."

Tsohon bai fahimci abin da ake ciki ba, ya matso da fuskarsa jikin allo. "Matsala ɗaya ce. Daga shafi na tara kiɗan yana son tabarya biyu, wannan ta sauka, waccan ta tashi. Ko akwai mai kama mata?"

"Akwai," in ji Ɗelu.

"Haba, Maman Fatiha, ni fa namiji ne, kuma ƙarfe goma ina da aji."

"A mayar da shi sha biyu. Kuma ka riƙe da kyau, ka dai ji irin kunnen mutumin."