Saƙon da Aka Bari a Bagdadiyya

Ƙunshin bai bi Ɗayyabu zuwa Kano ba. Ya bar shi cikin loka a wani masaukin matafiya mai araha da ke unguwar Bagdadiyya, ranar Talata da hantsi, ya wuce filin jirgin Jidda ba tare da ya yi wa mai saƙon sallama ba.

Ɗayyabu malamin sakandare ne. Ya gama umara, otal ya fi ƙarfinsa, sai ya kama gado a ɗakin mutum shida kafin ranar jirginsa. Hamad, mai karɓar baƙi a masaukin, haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci. Tun da ya ga koren fasfon Najeriya ya ba Ɗayyabu gadon ƙasa, kullum kuma yana kawo masa shayi. Ɗayyabu yana sha, yana jiran abin da zai biyo bayan shayin.

Ana gobe tafiya Hamad ya ɗora ƙunshi a kan kanta, an naɗe shi da baƙar leda, an shaƙe shi da salatif.

"Ya Ustaz, amana. Na ƙanwar kakata ce, a Kano. Za su zo maɗar, filin jirgi, su karɓa, halas."

"Mene ne a ciki?"

"Ummi ta ɗaure. Kayan tsofaffi."

"To mu buɗe mana."

Hamad ya janye hannunsa. "Aib, wallahi. Uwata ta ɗaure, ni in yage?"

Bayan shayin da ya sha, bakin Ɗayyabu ya yi nauyi. Ya karɓa, ya ba da lambarsa.

A ɗaki, wani abokin ɗakinsa, Mahmud, na kwance a gadon sama. Ya ce shi injiniya ne daga Kaduna, kafilin da ya ɗauko shi aiki ne bai gama masa iƙama, takardar zama, ba. Ɗayyabu bai taɓa ganin ya fita aiki ba.

"Malam, da iliminka?" in ji Mahmud. "Ka san hukuncin ƙasar nan. In aka samu ƙwaya a ciki, ba za a tambayi wa ya ɗaure ba. Wuyan wa ke kusa?"

"Ya ce na tsohuwa ne."

"Kullum na tsohuwa ne. Ka taɓa jin an ce na dillali?" Ya leƙo da kai. "Miƙo in jinjina."

Ɗayyabu bai miƙa ba. Ya matsa ƙunshin da yatsa, ya ji laushi, ya sansana, sai warin leda. Ya ɗauko reza, ya tuna in ya yanka ya ga abin da yake tsoro, to a hannunsa aka gani. Ya saka shi a loka. Da safe ya jira Hamad ya shiga kicin, ya ajiye makullin lokar a kan kanta, ya ja jakarsa. Mahmud na kallonsa daga bene.

Ya riga ya miƙa kayansa a filin jirgi lokacin da saƙon murya ya shigo daga lambar Najeriya. Tsohuwa ce, tana magana tana hutawa.

"Ɗan nan, an ce kai ne za ka taho min da likkafanina. 'Yar yayata ta wanke shi da zamzam. Allah ya yi maka albarka. Ka kawo da wuri, jikin ya ƙi."

Ya saurara sau biyu. A sauraro na biyu ya tambayi kansa ko tsohuwar ma ba cikin shirin take ba. Duk da haka ya kira Hamad, ya gaya masa inda ƙunshin yake.

Hamad bai zage shi ba. Ya ce, "Tsaya." Ɗayyabu ya ji takunsa a bene, ya ji ƙarar ƙofar ƙarfe.

"Ya Ustaz, wace loka? Wannan a buɗe take. Ba komai."

"Tambayi Mahmud."

"Mahmud ya tafi. Bayanka kaɗan ya ɗauki jakarsa."

Aka fara kiran fasinjojin Kano. Ɗayyabu ya shiga layi, lambar tsohuwar na sake kira.