Fuskar da Safa Ta Yar

Mardiya na shanyar gujiya a tsakar gidan mahaifiyarta a Kanan-Bakashe lokacin da motar Rayyanu ta tsaya a ƙofar gida. Rayyanu ɗan kasuwa ne a Tasawa, mijin yayarta Safa.

Tun suna yara ake rikita Safa da Mardiya. Dukansu sun ɗauko faffaɗan muƙamuƙin babansu, har a lakwal, wato makaranta, ana tsokanarsu da masu fuskar maza. Da Safa ta yi aure cikin wadata, sai mijinta ya kai ta ƙasar waje aka rage mata ƙashin. Tun daga nan ba ta sake zuwa gida ba, sai hotuna a waya, kullum ta gefe guda. Duk sanda Mardiya ta ga hoton, sai ta shafa tata haɓar ta kife wayar.

Safa ta shigo da gyale rufe da rabin fuska. Sai da ta shiga ɗakin Inna ta yaye. Gefen hagu ya lotsa kamar an ciro wani abu daga ciki, na dama ya turo, bakin ya karkace. Da aka ba ta ruwa, rabi ya zuba a rigarta, don leɓen ƙasa ba ya jin komai. Inna ta fashe da kuka. Mardiya ta ce sannu, amma wani sanyin daɗi ya ratsa ƙirjinta, ta sunkuyar da kai kada a gani.

Rayyanu ya yi bayani. Akwai wata likita a Yamai da ta ce za ta iya gyarawa: a daidaita gefen da ya turo, a cike inda aka zarce da yanka. Sai dai tana son ganin yadda fuskar take tun asali, Safa kuwa ta goge tsofaffin hotunanta kaf, har na biki ta yayyaga.

"Na ce mata ina da ƙanwa mai irin fuskata," in ji Safa, maganar na fita a tauye. "Ki taimaka ki raka mu."

"Wace fuska, Yaya? Wadda kika hau jirgi don ki rabu da ita?"

"Mardiya!" Inna ta daka mata tsawa.

"Ni ina da aiki. Wa zai kwashe mini gujiyar?"

"Ni zan kwashe," in ji Inna. "Ƴar'uwarki ce, za ki je."

Hanyar Yamai ta yi wa Mardiya tsawo. Tana zaune a baya tana kallon Rayyanu yana gyara wa Safa kujera, yana tsayawa yana ba ta kunu da ƙaramin cokali, yana goge mata haɓa da hannunsa. Ita nata mijin, Isufu, ɗan kabu-kabu ne mai haya da babur, ko ciwon kai ta kwana da shi sai dai ya ce ta sha magani. Ga Safa da karkataccen baki, amma har yanzu ita ake tarairaya.

A asibiti likitar ta zaunar da Mardiya gaban farin ƙyalle, ta ɗauki hotonta ta gaba da ta gefe, ta auna, ta aika ta aka yi mata hoton ƙashi. Tana duba hoton ta ce, "Masha Allahu, ƙashinki a daidaice yake. Da wannan zan yi aiki."

Da su Safa suka fita, Mardiya ta tsaya a bakin ƙofa. "Likita, ni fa? Za a iya rage mini kaɗan?"

Matar ta cire tabarau ta dube ta. "Bayan abin da kika gani a fuskar yayarki?"

"Ita za a yi mata na biyu ke nan. Ni ko na fari ba wanda ya taɓa yi mini tayi."

"Ba zan taɓa lafiyayyen ƙashi ba. Je ki, tana jiranki."

Aka yi aikin. Mardiya ce ta yi jinya: ta dama kunu, ta tace romo, ta riƙe mata kwano lokacin kurkure baki. Safa, da fuska a kumbure cikin bandeji, takan kama hannunta ta matse. Mardiya ba ta janyewa, ba ta kuma matsewa.

Kumburin ya ɗauki watanni kafin ya saɓe. Bakin ya miƙe, lotsawar ta cike, sai ɗan gefen leɓe da bai dawo da ji ba. Fuskar ba ta koma irin ta da ba, ta fi ta Mardiya siranta kaɗan, kuma ta yi kyau.

A wani bikin suna a Mayahi suka fara fita tare. Mata suka yanyame Safa, wannan ta juya mata haɓa, waccan ta ce kamar ba a taɓa yanka ta ba. Safa ta nuna ƙanwarta ta ce, "Ai da fuskar Mardiya aka gyara ni." Suka waiwayo, suka ce Allah Sarki, suka koma ga Safa.

Mardiya ba ta jira rabon abinci ba. Ta kira Isufu ya zo ya ɗauke ta. Sun bar gari suna ratsa gonakin hatsi ta matso kusa da kunnensa.

"Da kana da hali, za ka kai ni a gyara mini fuska?"

Ya yi dariya har babur ɗin ya yi tangaɗi cikin rairayi. "Mi ya samu fuskar taki? Ni haka na gan ki na biyo ki."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"To, ba zan kai ki ba."

Ta ja baya ta riƙe ƙarfen babur har suka isa gida.