Kwanar Da Aka Sayar Sau Biyu

Shekara ashirin da biyu Memuna tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a kwanar tsohon famfo da ke unguwar Maamobi a Accra, kuma ko ƙyallen takarda ba ta da shi da ke cewa wurin nata ne. Ba ta taɓa buƙata ba. A layin nan doka ɗaya ce: wuri na wadda gari ya waye teburinta yana kai ne. Ita ma haka ta sami kwanar. Matar da ta riga ta zama a wurin ta tafi biki Kumasi, ta dawo ta tarar da tukunyar Memuna tana tururi. Tun daga ranar ko zazzaɓi bai taɓa hana Memuna fitowa ba.

Sai ga Awal da wasansa.

Awal mai gyaran waya ne, bakinsa kamar rediyo. Shekara uku ke nan yana karɓar gudunmawar mutanen unguwa don ya haɗa wani wasan waya mai suna Zango Gobe. A cikinsa, in ji shi, za a ga unguwannin Nima da Maamobi lungu-lungu, amma babu kwata mai wari, babu ɗauke wuta. Wasan dai bai fito ba. Abin da ya fito bidiyo ne na minti ɗaya, wani mutum marar fuska yana tafiya yana ratsa bango. Amma tuni Awal ya fara sayar da kayan ciki: babur, shago, bene, har da ragon layya mai ƙahon zinariya.

"Mma Memuna, ke kaɗai kika rage," in ji shi, yana miƙa kwano. "Ki kama wuri tun yana araha."

"Yaushe zai fito?"

"Bayan Sallah."

"Wace Sallar? Sallah shida ka yi kana faɗa mini haka. To kawo kuɗin waakye, ka dawo bayan Sallah ka ci."

'Yan layi suka kwashe da dariya. Har Na'ima mai kooko, wadda ke yawo da bokiti a ka, kullum ta sauke a inuwar Memuna ta huta tana cewa, "Kai, Mma, wurin nan naki akwai iska," sai da ta yi dariya ta riƙe ciki.

Bayan kwana uku dariyar ta juyo.

Ƙaltume, wadda ke sayar da nata waakyen can ƙasa a bakin kwata, inda ƙudaje suka fi masu saye yawa, ta rataye wata takarda a gaban teburinta. An lulluɓe ta da leda, ga hatimi ja, ga hotonta. Wani kwandastan trotro, ƙaramar motar haya, ya karanta wa jama'a da ƙarfi: Ƙaltume ce mamallakiyar kwanar tsohon famfo, Maamobi, a cikin Zango Gobe.

"Af, Mma Memuna! Ashe haya kike zaune?" in ji kwandastan. "Ki gaida uwar ɗakinki mana!"

Ƙaltume ta ɗago ludayi daga nesa. "Ki zauna abinki, 'yar'uwa, ban ce ki tashi yanzu ba."

Memuna ta san wasan iska ne. Ta fi kowa sani. Amma ta san Accra. Yayanta ya sayi fili a bayan gari, ya zuba bulo, wata rana wani ya zo da takarda mai hatimi, yau shekara tara yayan yana ɗakin haya. Wasan ƙarya ne, amma takardar ta gan ta da idonta. Sunan kwanarta ne a jiki, da hoton wata.

Da tukunya ta ƙare, ta yafa mayafi ta nufi shagon Awal.

"Kai, marar kunya! Wa ya ba ka kwanata da za ka sayar?"

"Mma, ba kin ce iska ce ba?"

"Iskar ma tawa ce. Ka cire sunanta."

Awal ya waiga, ya rage murya. "Cirewa ba ta yiwuwa. Amma tata takardar ta talakawa ce, fara. Akwai ta zinariya, ta manyan masu tallafi. Ranar da wasa ya fito, mai zinariya ake fara buɗe wa ƙofa."

Memuna ta yi tsaki har sau biyu. Sannan ta kwance bakin zani, ta ƙirgo kuɗi.

Washegari takardu biyu ke lilo a layi ɗaya, duka na kwanar famfo, hatimi ɗaya. Kafin azahar an yi musayar baƙar magana, kafin la'asar an yi jifa da murfin tukunya, shito, miyar barkonon waakye, ya fallatsa a farar rigar wani malami da ke wucewa. Malamin ne ya kai ƙara wurin sarkin unguwa, Alhaji Sharfuddeen. Aka ce su hallara ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe, domin sarkin yana da shagon tayoyi da yake buɗewa da hantsi.

Ƙarfe bakwai lokacin ciniki ne. Memuna ta dubi tukunya, ta dubi takardar zinariya. Rana ɗaya ce, in ji ta. Ta bar teburi a zaure, ta ɗaura sabon ɗankwali.

Zauren sarki ya cika maƙil. Sarki ya sa tabarau ya jera takardun biyu a kan buzu.

"Awal, nuna mini filin."

Awal ya buɗe waya. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa. Daga ƙarshe allon ya yi toka fayau.

"Ina kwanar?"

"Ranka ya daɗe, ba a kai ga gina wajen ba tukuna."

"To me ka sayar musu?"

"Inda za ta kasance."

"Sau biyu?"

"Ranka ya daɗe, wurin yana da farin jini."

Sarki ya yi gyaran murya. Idonsa ya ɗan kai bango, inda wata takarda mai ruwan zinariya ke rataye kusa da kalanda. Ya sunkuyo. "Fadar fa? Ita an gina?"

"Ita muke kai yanzu, ranka ya daɗe. Hawa uku."

Sarki ya gyara zama, fuskarsa ta saki. Aka shiga shari'a gadan-gadan. Ƙaltume ta ce ita ta riga saye. Memuna ta ce tun Awal yana yawo ba wando take kwanar nan. Aka kira shaidu. Wani dattijo ya kawo tarihin famfon tun ranar da aka kafa shi. Hantsi ya yi, ya wuce, shagon tayoyi bai buɗu ba. Sai dab da azahar sarki ya yanke hukunci: kwanar cikin waya ta Memuna ce, saboda daɗewa da kuma zinariya. Ƙaltume a ba ta wani wuri a bakin kwatar cikin waya, wadda ai an ce ba ta wari.

Memuna ta fito tana taku ɗai-ɗai, takarda a ƙirji, mata biyu suna rangaɗa mata guɗa. Awal ma ya biyo baya yana cewa dama shi ya san gaskiya za ta yi halinta.

Tun daga nesa ta hango layin mutane a kwanar famfo.

Ta ƙara sauri. Teburi ne sabo, an shimfiɗa masa leda mai furanni. Ga bokitin kooko, ga kaskon ƙosai yana ƙara, ga benci har biyu. A bayan teburin Na'ima ce zaune, ta miƙe ƙafa tana shan iska.

"Na'ima! Me nake gani?"

"Sannu da dawowa, Mma. Na zo da asuba na ga ba kowa. Na ce ko kin koma can ɗin ne, na cikin waya."

"Tashi! Ga takardata, yanzu sarki ya tabbatar mini!"

Kwandastan trotron nan ya karɓa, bakinsa cike da ƙosai, ya duba gaba da baya. "Takarda kam ta yi kyau, Mma. Amma nan an rubuta Zango Gobe. Mu kuwa a na yau muke."

Memuna ta dubi 'yan layin ɗaya bayan ɗaya. Duk masu cin waakyenta ne. Ba wanda ya ɗago ido. Sun san dokar, sun kuma san wadda ta fi kowa cin moriyarta.

Ta juya a hankali. Awal yana ƙoƙarin sulalewa ta bayan famfo, ta cafko masa riga.

"Kai. Wasan nan naka, tsakaninka da Allah, yaushe zai fito?"

Awal ya gyara wuyan rigarsa.

"Bayan Sallah, Mma."