Karatun La'asar a Gidan Mamman Direba

"Dakata nan, Malama," in ji Mamman, maganar na fita da ƙyar ta gefen bakinsa. "Wanga marubuci bai san maza ba."

Hauwa ta sa yatsa a shafin ta rufe littafin. Malamar Hausa ce a wata makarantar 'yan mata a Gwandu, katanga ce kawai tsakanin gidanta da na su Mamman. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Mamman Direba, takan shigo bayan la'asar ta karanta musu labari, shi yana kan katifa a rumfa, matarsa Ladi tana gefe tana fifita masa kunu. Wannan karon labarin wani ɗan kasuwa ne da ya bi wata mace ya watsar da matarsa, sai da ya tsufa ya dawo.

"Wai so ne ya maido shi gida," in ji Mamman. "Ƙarya ce. Ya dawo ne don babu mai yi mishi wanka. Mu maza, in muka faɗi, mun san ƙofar da ba za a rufe muna ba."

Hauwa ta kasa ɗaga ido. Duk unguwa ta san cewa shekarun da Mamman yake jan mota zuwa Kalgo, yana da wata mace a can bayan tasha, babu aure. Ladi ma ta sani. Ta sha jin turaren da ba nata ba a rigunansa, ta wanke su ta yi shiru. A ɗakin matar nan ciwon ya buge shi, abokan aikinsa suka ɗauko shi suka kawo wa Ladi.

"Mata ma bai san su ba," in ji Ladi, ba ta daina fifita ba. "A shafi guda ta yi kuka ta yafe. Ya rubuta hawayenta, amma bai rubuta wankin zannuwa ba, bai rubuta ciwon bayanta wurin ɗaga ƙaton mutum ba."

Mamman ya juyo da kansa a hankali.

"Ke fa, Ladi?"

"Buɗe bakinka, kunu na hucewa."

Ya buɗe. Hauwa ta ga hawaye ya gangaro ta idonsa na ɓarin da ya shanye, wanda ba ya rufuwa, Ladi ta share da gefen zanenta kamar yadda take share masa yawu.

Daga nan jikin ya yi ta ja baya. Abinci ya daina wucewa, sai ruwa da cokali. Wata Juma'a da hantsi, Hauwa na shanya ta ji muryar Ladi ta kan katanga: "Malama, zo."

Ta tarar da kan Mamman a kan cinyar matarsa, numfashinsa na fita da ƙara. Leɓensa na motsi. Ladi ta sunkuya ta saurara, ta daɗe kafin ta ɗago.

"Na ji, Malam," ta ce. "Na daɗe ina yi. In yafe da safe, kafin yamma abin ya dawo mini sabo. Amma yau na yafe, kuma ba ni sake ɗaukar shi. Allah ya yafe muna baki ɗaya."

Sai ta kai bakinta kunnensa tana maimaita kalmar shahada, Hauwa na taya ta, har ƙarar ta tsaya. Bayan sallar Juma'a aka kai shi makwancinsa.

Da kwanakin zaman makoki suka wuce, 'ya'yan gidan da suka zo suka koma garuruwansu, Hauwa ta leƙa gidan. Ladi na zaune a tsakar gida kan turmi a kife, hannuwanta biyu a buɗe bisa cinya. Hauwa ba ta taɓa ganin su babu aiki ba. An shanya shinkafa a kan buhu, kaji sun kewaye ta suna tsattsaga, Ladi na kallonsu, ba ta kore su ba.